Ɗakin gwajin jini da maƙoƙon ƙanwata

Na kai ƙanwata wani ɗakin gwaji a Ringim saboda maƙoƙo da saurin bugun zuciya, kuma na yaba da aikinsu, ko da yake sakamakon ya yi kwana 10 kafin ya dawo daga Kano. Sinadaran T4 da T3, waɗanda ƙwayar tayirod da ke wuya take samarwa, sun hau, amma TSH, sinadarin da ke sa ta samar da su, bai sauka ba, wanda likitan ya ce alama ce ta ciwon gadon da wani likita mai suna Refetoff ya bayyana a 1967, inda jiki ba ya jin sinadarin tayirod sosai. Hanta tana bijire masa wajen sarrafa abinci, zuciya kuwa tana amsawa fiye da kima. Likitan ya hana gaggawar yin tiyata, ya nemi a gwada iyayenmu. Kujerun jira dai sun yi kaɗan.