Sabuwar ƙota ga tsohuwar guduma: wace za ka saya a Jos?

Gudumar da nake aiki da ita ta girme ni. Mahaifina ya samo ta tun yana aikin kuza a wajen Bukuru, kuma har yau bakinta bai lotsa ba. Ƙota kam ta ci guda huɗu a hannuna. Shi ya sa idan na ga mutum zai jefa tsohon kan guduma cikin kayan gwangwan don ƙotarta ta karye, sai in ce ya dakata. Ƙarfen dā ba ka samun irinsa a teburin masu kayan aiki na kasuwar Taminus. Ƙota kawai za ka nema, kuma a nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

Ni dai marke nake saya. Manoma sun san shi tun kaka da kakanni, da shi ake ƙotar fartanya da gatari. Yana da nauyi da tauri, amma bai kai ƙirya ƙagewa ba, saboda haka idan ka doki ƙusa ko kurfi, itacen na shanye wani abu daga bugun kafin ya iso gwiwar hannunka. Wanda ya taɓa yini yana fasa kankare zai gane abin da nake faɗa. Ƙotar marken da ke jikin gudumata yanzu ta ga hunturu shida. Hunturun Jos kuwa shi ne alƙalin ƙota: iska ta bushe ƙayau, itace ya tsuke, kan guduma ya fara rawa. Marken da ya bushe sosai kafin a sassaƙa shi ba ya tsukewa da yawa. Ka duba launinsa, ruwan toka ne mai ɗan rawaya a waje, zuciyarsa kuma baƙi-baƙi. A tudun Jos ba shi da yawa, galibi daga gangare ake hawowa da shi, don haka sai ka tambayi masu sassaƙa ƙotar fartanya, su ne suka fi masu shago saninsa.

Ƙirya ta turmi da taɓarya ce, gara ba ta cinta. Tana kyau ga babbar gudumar fasa dutse mai ƙota kusan santimita 90, amma a ƙaramar hamar kafinta mai nauyin giram 450 ta yi nauyi da yawa. Aduwa ba laifi idan ka samu miƙaƙƙiya. Itacen turare da aka shuka a tsofaffin filayen kuza yana ko'ina a garin nan, sai dai yana tsagewa idan yana bushewa. Malaina kuwa a bar wa masu yin benci.

Akwai hikori, itacen Amurka da Turawa suka fi amincewa da shi wajen ƙotar guduma, kuma na gaske yana da kyau ƙwarai. Matsalar ita ce tambari ba shi da wuyar bugawa. Ƙotar roba mai zaren gilashi ba ruwanta da damina ko rani, amma gam ake sa mata, ran da ta saki gyaranta sai da wahala. Bututun ƙarfen da masu walda ke liƙawa shi ne mafi araha, kuma shi ne mafi mugunta ga hannu. Ga shi zafin walda na iya kashe taurin ƙarfen kan.

Ga abin da ya same ni shekarun baya. Na shiga kasuwar katako, wani ya miƙo mini ƙota baƙa wuluk tana sheƙi, ya ce, "Maigida, ƙirya ce, har jikokinka." Na ɗaga na ji nauyi, na biya. Ashe ɗanyar malaina ce aka jiƙa da baƙin mai, nauyin da na ji ruwa ne. Ya kuma ba ni shawara in kwana da ita a bokitin ruwa don ta kama. Ta kama kuwa, na mako uku. Ranar da nake kafa kwano a rufin wani gida a Rikkos, kan gudumar ya fice ya sauka kusa da ƙafar yaron da ke miƙo mini ƙusa. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Jiƙa ƙota a ruwa yaudara ce. Itacen zai kumbura cikin ramin ƙarfe, ya matse kansa har jijiyoyinsa su murƙushe, in ya bushe kuma ya fi dā sako-sako. Duk wanda ya ce maka ka jiƙa, ka san bai yarda da aikinsa ba.

Kada ka sayi ƙotar da aka shafe da fenti ko baƙin mai. Ana ɓoye gaɓa da tsaga da ramukan ƙwari a ƙarƙashi, wasu har cusa garin katako da gam suke yi. Ka ce, "Malam, ara mini wuƙa," ka ɗan kankare gindinta. Idan launin ciki daban da na waje, ajiye. Danna farce: in ya shiga, itacen banza ne. Ƙwanƙwasa ta a siminti, busasshiya tana ƙara tas, ɗanya kuwa sai ka ji dum. Bi zanen itacen da ido daga sama har ƙasa, ya tafi a miƙe, domin inda ya karkace ya fita gefe, nan za ta karye. Ɗan gari mai laushi da ke zubowa daga ƙananan huji alama ce ƙwaro ya riga ka.

Ka tafi kasuwa da kan gudumar a hannu, tunda ramukan ba girmansu ɗaya ba. Ƙota ta ɗan fi ramin kauri, a rage ta da magagari kaɗan-kaɗan har ta shiga da ƙyar. A tsaga samanta da zarto, a buga weji, wato ɗan guntun busasshen itace mai siririn baki, a cikin tsagar, sannan a gicciya ƙaramin wejin ƙarfe. Masu cika ramin da ƙusoshi tsaga itacen kawai suke yi. In da hali, ka yi wannan aikin a watan Janairu ko Fabrairu, lokacin da itace ya gama tsukewa. Damina na zuwa sai ta ƙara kamawa.