Bruegel ko Avercamp: wanne za ki fara kwaikwaya?

'Yar'uwa, kin ce kin sayi fentin mai da buroshi, kina son koyon hannu ta hanyar kwaikwayon zanen hunturu na magabata, amma kin rasa na ɗauka tsakanin biyu: maharban Pieter Bruegel na 1565, da masu zamiya a kan ƙanƙara na Hendrick Avercamp, na wajen 1608. In ta ni ne, da Bruegel za ki fara.

Buɗe hoton maharban, ki ƙanƙance ido har ki riƙa ganinsa dishi-dishi. Abin da zai rage kaɗan ne: farin tudu daga hagu, baƙaƙen bishiyoyi a jere suna gangarawa, maharba uku da karnukansu kamar inuwa, sai tafkunan da suka daskare da sararin sama, duka launinsu ɗaya, kore-kore mai toka-toka. Da fari, baƙi, ruwan ƙasa, rawaya mai duhu da ɗan shuɗi za ki haɗa kusan komai. Wannan shi ne darasin da mai koyo ya fi buƙata, wato sanin inda duhu zai zauna da inda haske zai zauna tun kafin a shiga ƙananan abubuwa. Maharban ma sun ba mu baya, sun dawo a gajiye da yanyawa ɗaya tak, don haka babu wahalar zana fuska.

Na Avercamp, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam, mutane ne wajen 200 a kan katakon da faɗinsa bai wuce santimita 132 ba. Wannan ya zame ya faɗi, wancan yana buga ƙwallo da sanda, ga doki yana jan amalanke a kan ƙanƙara. Avercamp kurma ne kuma bebe, Beben garin Kampen ake ce masa, kuma da ganin aikin kin san mutum ne da ya daɗe yana kallon jama'a. Sai dai kowane ɗan mutum a ciki yana son siririn buroshi da tsayayyen hannu, a kan fentin da ya riga ya bushe. Sabon hannu kan yi gaggawa, launukan su cakuɗe su koma taɓo.

Inda Avercamp ya fi Bruegel amfani gare ki shi ne nisa. Dubi yadda gidaje da mutanen can baya suke dusashewa har su narke cikin sama. Ko ba ki taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, kin san wannan daga hazon watan Janairu, lokacin da bishiyar nesa ke komawa fari-fari. Ki ajiye shi ya zama aikinki na biyu.

Ko Bruegel ɗin ma kada ki ɗauke shi duka, asalinsa santimita 117 ne da 162. Yanki gefen hagu na ƙasa, maharba da karnuka da bishiya biyu, ki ja layukan murabba'i a kan hoton da kan allonki don ki kwafi siffofin daidai. Shafin intanet na Inside Bruegel, da aka buɗe lokacin baje kolin ayyukansa a Vienna a 2018, zai ba ki damar matso da hoton har ki ga sawun buroshi. A nan za ki lura ƙanƙararsa ba fari sol ba ce, akwai toka da rawaya a ciki, don haka kada ki shafa farin yadda ya fito daga kwalinsa.

Shafin fenti na farko ya zama tsinkakke, mai kaɗan, sannan ki riƙa ƙara mai a na sama. In kika juya tsarin, fentin zai tsage bayan ya bushe. Fari yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, ƙura kuwa tana manne masa, musamman da hunturu. In kin tashi aiki, jingina allon fuskarsa na kallon bango, ki bar ɗan tsakani don iska ta ratsa.