Sharhi: Yadda Na Kai Mota Mai Lambar Ingila Gwajin Lafiya A Jamus

Duk wanda aiki ya ɗauke shi daga Birtaniya ya kawo shi Jamus, kuma ya taho da motarsa, zai ji masu ba shi shawarar ya bar lambar Ingila a jikinta, wai ba mai tambaya. Bayan na bi hanyar sauya lamba daga farkonta har ƙarshenta, ra'ayina shi ne wannan shawara ba ta da wani amfani sai jinkirta wahala. Tashar gwajin da na je kuwa ta cancanci yabo, duk da ina da ƙorafi a kanta.

Matsalar daga MOT take farawa, gwajin da ake yi wa kowace mota a Ingila duk shekara da zarar ta cika shekara 3. A cikin Birtaniya kaɗai ake yin sa. Babu garejin Jamus da zai sabunta maka shi, kuma takardar gwajin Jamus ba ta zama madadinsa. In ya ƙare motar tana wannan ɓangaren teku, sai dai ka kama hanyar Calais da ke gaɓar tekun Faransa, ka shiga jirgin ruwa ko jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin teku, ka je a yi maka gwajin da kuɗinsa bai wuce fam 54.85 ba. Kuɗin mai da na ƙetarawa ya ninka wannan sau da yawa. Ko ka yi hakan ma ba ka tsira ba, domin dokar Jamus ta ce motar da ta zama mazauniyar ƙasar dole a yi mata rajista a nan. Sassaucin da ake yi wa lambar waje na baƙo ne mai wucewa, ba na wanda ya kama gida ya yi rajistar zama ba.

Mutane a nan TÜV suke kiran gwajin gaba ɗaya, da sunan ɗaya daga cikin kamfanonin gwajin, amma ba kamfani ɗaya ke yin sa ba. Akwai DEKRA da GTÜ da KÜS. Sabuwar mota bayan shekara 3 ake fara kai ta, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Motar da ta shigo daga waje aikinta ya fi haka tsawo. Abin da aka fara tambayata shi ne COC, takardar da kamfanin ƙera motar ke bayarwa cewa ta cika ƙa'idar Turai. In kana da ita, ka huta da rabin wahala. In babu, za a iya sa ka cikin bincike na musamman, wanda ya fi tsada.

Abin da ya fi burge ni shi ne mai gwajin bai bar ni zaune a ofis ba. Da ya ɗaga motar sai ya yafito ni, muka shiga ƙarƙashinta tare, yana haska tocila yana nuna min bututun birki, da salansa, da wuraren da tsatsa ta fara kamawa. Motocin Ingila suna shan gishirin hanya lokacin sanyi, don haka ƙarƙashin ya ɗauke shi lokaci fiye da komai. Ya ɗora tayoyin kan na'ura ya auna ƙarfin birki ɗaya bayan ɗaya, ya auna hayaƙi, ya girgiza ƙafafun gaba. Ba ya sayar da kayan gyara, ba shi da makanikin da zai tura ka wurinsa, saboda haka in ya ce abu ya lalace, hankalinka ya kwanta cewa lalacewar ce da gaske. Wanda ya saba ganin takardar lafiyar mota ta fito ba tare da kowa ya leƙa motar ba zai ɗan sha mamaki.

Sitiyarin dama bai hana komai ba, ana yi wa irin waɗannan motoci rajista a Jamus. Fitilu ne suka kayar da ni. Hasken gaba na motar Ingila yana karkata hagu, a titin da ake bin hannun dama kuwa kai tsaye idon mai zuwa yake shiga. Ledar da 'yan yawon buɗe ido ke mannawa a kan fitilun ba ta karɓuwa ga motar da za ta zauna. Wasu motocin ana juya saitin hasken kawai, tawa sai da aka sauya fitilun dungurungum. Fitilar hazo ta baya ma a dama take, aka ce a mayar da ita hagu. Agogon gudu ya wuce, tunda yana nuna kilomita a ƙarƙashin mil. Aka ba ni wata guda in gyara in dawo, kuma kuɗin dawowar kaɗan ne.

Ƙorafina a kan teburin karɓar baƙi yake. Da na kira neman lokaci na faɗa musu motar daga Ingila take, amma ba wanda ya ambaci fitilu, alhali magana ce ta minti guda da za ta rage min zirga-zirga. Takardar sakamakon kuma Jamusanci ce zalla mai cike da kalmomin injiniyoyi. Sai da maƙwabcina ya zauna ya warware min ita.

Kada a manta da kwastam. Tun 1 ga Janairun 2021 motar da ta fito daga Ingila kayan wajen Tarayyar Turai ce, harajin shigowa yana iya kai kashi 10 cikin ɗari, ga na VAT kashi 19. Ana yafe su ga mai ƙaura idan ya yi aƙalla wata 12 a wajen tarayyar, motar kuma ta yi wata 6 a hannunsa, da sharaɗin ba zai sayar da ita ba sai bayan shekara. Da takardar kwastam, da ta gwaji, da lambar inshora, ofishin rajista ya ba ni sabuwar lamba, sannan na aika wa DVLA, hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, ɓangaren V5C, wato takardar rajistar motar, da ke shaida motar ta bar ƙasar.

Idan motarka tsohuwa ce wadda kuɗin fitilu da gyara zai kusan kai darajarta, sayar da ita a can ya fi. Idan mai kyau ce, ka nemi COC tun kana Ingila, ka tambayi farashin fitilun kafin ka sayi tikitin jirgi.