Kuskure a takardar sallamar soja ta marigayi: ofishin rundunarsa ko hukumar gyara?

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya kyauta makwancinsa, ya ba ki haƙuri ke da yaran. Kin ce maigidanki ya yi aikin soja a rundunar ƙasa ta Amurka, kuma da kika ɗauko takardarsa ta sallama, wato DD 214, sai kika ga an rubuta Mohammed inda fasfonsa da takardar aurenku suka ce Muhammad, shekarar haihuwar ma ba ta yi daidai da ta takardar shaidar mutuwa ba. Wani ya ce ki rubuta wa cibiyar da ke birnin St. Louis, wani ya ce ki cike fom 149, kina tambayar wanne za ki bi.

Kada ki zaɓa tukuna sai kin ga fayil ɗinsa gaba ɗaya. Nan ne St. Louis ke da amfani. Cibiyar NPRC da ke can ma'ajiyar fayilolin tsofaffin sojoji ce, tana ba da kwafi. A da takan fitar da takardar gyara da kanta, shi ya sa tsofaffin sojoji ke cewa a rubuta mata, amma yanzu ta daina, aikin ya koma hannun rundunonin. Ki cike fom SF 180 na neman kwafin fayil, ko ki nema ta intanet, ki ce cikakken fayil kike so, ba DD 214 kaɗai ba. Matar mamacin da ba ta sake aure ba, da 'ya'yansa, da iyayensa, da 'yan'uwansa na jini duk suna da ikon nema, kyauta, muddin sun haɗa da shaidar rasuwa. Za ki ji ana zancen gobarar 12 ga Yulin 1973 da ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a wannan cibiya. A ɓangaren rundunar ƙasa, waɗanda aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960 ta shafa, don haka in bayan lokacin aka sallame shi, kada ta ɗaga miki hankali.

Idan fayil ya iso, ki nemi DD 4, takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ranar da ya shiga soja. Ki ajiye ta gefen DD 214, ki dubi suna, ki dubi ranar haihuwa, ki dubi lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum, harafi bayan harafi. Abin da kika gani a nan shi zai nuna miki hanya.

In DD 4 da sauran takardun sun ce Muhammad, DD 214 ce kaɗai ta ce Mohammed, to hannun akawu ne ya goce ranar sallama. Wannan aikin ofishin ma'aikata ne na rundunar. Na rundunar ƙasa yana Fort Knox a Kentucky, na sojan ruwa yana Millington a Tennessee, na sojan sama yana Randolph a Texas. Wasiƙa ce za ki rubuta, ki nuna gurbin da aka yi kuskure, ki haɗa da kwafin takardun da ke cikin fayil ɗinsu da suka ƙaryata shi. In sun gamsu sai su fitar da DD 215, takardar da ake haɗawa da DD 214 tana faɗin abin da aka gyara, ko su sake fitar da sabuwa. Sauƙin wannan hanya shi ne babu zaman hukunci. Iyakarta kuma ita ce ofishin ba ya auna hujja da hujja. Abin da fayil ya riga ya tabbatar shi kaɗai yake daidaitawa, in abin ya wuce haka sai ya tura ki gaba.

In kuwa tun daga DD 4 Mohammed ne, shekarar nan ce kuma a ko'ina, har da sa hannun Alhaji a ƙasa, to magana ta koma gaban hukumar gyara bayanan soja, kuma nan ne fom DD 149 ya shigo. Kowace runduna da tata hukumar, sai dai wasu, irin su sojan ruwa da rundunar Marines, da suke tarayya a guda. Majalisar dokokin Amurka ce ta ba da damar kafa su a 1946, fararen hula ne ke zama a cikinsu, aƙalla mutum uku a kan kowace ƙara. Ikonsu ya fi na ofishi nesa ba kusa ba: suna iya canza duk wani bayani da suka ga kuskure ne ko rashin adalci. Ba a biyan kuɗi, ba dole sai da lauya ba, kuma matar mamaci ko magajinsa na iya shigar da ƙara da shaidar rasuwa da ta dangantaka. Doka ta ce a kai ƙara cikin shekara 3 daga ranar da aka gano kuskuren, amma hukumar na iya ɗauke kai ga jinkiri in adalci ya buƙaci haka. Sai dai a shirya jira. Abin da doka ta ɗora musu shi ne su gama kashi 90 cikin 100 na ƙararraki a wata 10, sauran kuma kafin wata 18. Suna kuma so su ga an fara gwada ofishi, don haka in Fort Knox ta ƙi, ki adana wasiƙar ƙin, za ki haɗa da ita.

Ga inda nake so ki natsu, don nan mutanenmu ke shan takaici. Hukumar tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da soja ya rubuta daidai ne, ke ce za ki kawo hujjar da ta rinjaya. Kuma in mutum ya yi aikinsa tun daga farko har ƙarshe da suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya bai taɓa ƙorafi ba, sau da yawa sukan ƙi canzawa, su ce fayil tarihi ne na yadda abin yake a lokacin. Mu kuwa mun san yadda takardunmu suke. Mutum ɗaya sai ka same shi Muhammadu a firamare, Mohammed a sakandare, Muhammad a fasfo, wani wurin sunan garinsu ya zama sunan mahaifi. Ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu, don ita aka cike masa a kotu. Saboda haka takardar rantsuwar shekaru da za a je a yi yau a gida ba za ta yi nauyi a gabansu ba. Abin da ke da nauyi shi ne takardar da ta girmi shigarsa soja, ko ta yi zamani da shi: tsohon fasfo, katin zama ɗan ƙasa ko na izinin zama, takardar haihuwa ta asali, shaidar gama makaranta. Wadda ke da Faransanci ko Larabci a yi mata fassarar da mai fassara ya sa wa hannu. Kwafi za ki aika, asalin ya zauna a gida. Ko da sun ƙi, ana sa takardar hukuncin a cikin fayil, kuma ita kanta takan bayyana bambancin ga duk wanda ya duba nan gaba.

Akwai fom na uku da ake rikitawa da wannan, DD 293. Shi na sauya matsayin sallama ne, yana da wa'adin shekara 15, ba ruwansa da suna. Ki bar shi.

A ganina ba duka kuskuren ne nauyinsu ɗaya ba. Lambar Social Security in ta kauce, a bi ta har ƙarshe, don da ita ake haɗa mutum da fayil ɗinsa. Shekarar haihuwa ta cancanci wahalar in kina da tsohuwar hujja. Bambancin Mohammed da Muhammad kuwa, in haka yake a fayil duka kuma lambar ta yi daidai, ni ba zan tsayar da komai saboda shi ba.

Musamman kada ki tsayar da neman haƙƙinki a ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA. Ita ba ta da ikon taɓa DD 214, amma tana karɓar buƙata tare da takardun da ke nuna mutum ɗaya ne. Fom ɗin matar mamaci shi ne 21P-534EZ, kuma in ya isa gare su cikin shekara guda da rasuwar, wanda ya cancanta ana lissafa masa ne tun daga watan rasuwa. In kika zauna jiran hukuma wata 18, wannan damar ta wuce. Ki je wurin jami'in kula da tsofaffin sojoji na gundumarku, ko ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji mafi kusa, irin su American Legion ko VFW ko DAV, suna taya cike waɗannan fom ɗin ba tare da karɓar ko sisi ba. Ki tafi da DD 214, da takardar aure, da shaidar rasuwa, da fasfonsa, ki nemi su aika SF 180 da fom ɗin VA a zama ɗaya.