Maganin shaƙa na budesonide da na yi amfani da shi ina da ciki har zuwa shayarwa

Tun ina budurwa nake fama da asma. Likita ya ɗora ni a kan budesonide, in shaƙa safe da dare, sai kuma shuɗin nan na salbutamol idan numfashi ya sarƙe. Maganin ya karɓe ni ƙwarai, har nakan manta ina da ciwon.

Cikina na wata shida maganin ya ƙare, na je saye. Mai sayarwar ya dubi cikina ya ce shi ba zai ba mai juna biyu wannan magani ba, wai zai nakasa jariri. Na nuna masa takardar likita, ya ƙi ko karɓa. Wallahi har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Kafin in samu a wani wurin tari ya dawo, dare ya zama a zaune nake kwana, ƙirjina na ƙara kamar ana busa usur. Shuɗin kaɗai nake ta shaƙa, hannuna na rawa, zuciyata na bugawa da sauri, ɗan cikin ma ya rage motsi. Haka aka kwashe ni sai asibiti.

Likitar da ta duba ni ta ce, "Malama, ɗan nan daga jininki yake samun iskar oksijin. Idan ke ba ki numfashi sosai, shi da me zai rayu?" Ta bayyana min cewa asmar da aka bari ba magani ita ke jawo hawan jini ga mai ciki, da haihuwar bakwaini, da jariri ya zo ba nauyi. Budesonide kuwa yana cikin magungunan shaƙa da aka fi bincikawa a kan masu juna biyu, kai tsaye huhu yake zuwa, ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Ta ƙara da cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu asma ciwonsu na tsananta da ciki, musamman tsakanin sati na 24 da na 36. Daidai inda nake ke nan.

To amma ba zan yaba shi duka ba. Muryata ta dushe, fararen tabo suka fito min a baki, sai da aka ce in riƙa kurkure baki in zubar duk bayan shaƙa kafin suka daina. Kuma ba ya aiki nan take, sai an jera kwanaki ana shaƙa, wanda ga mai nauyin ciki da ƙarancin barci ba ƙaramin haƙuri ba ne. Irinsa na hoda da ake shaƙa ma ba ka jin ko ya shiga, sai ka ja da ƙarfi kana shakka.

Da na haihu ban daina ba. Ungozoma ta ce abin da ke bi ta nono bai taka kara ya karya ba, na shayar da yarona hankali kwance, yana tsotso yana ƙiba, Alhamdulillah. Yanzu tun maganin bai ƙare ba nake ajiye wani, shi kuwa mutumin nan ko allurar ɗinki ba zan sake saye a hannunsa ba.