Motar lantarki ko ta fetur: abin da kowacce ta ci a aljihuna

Tun da na koma hawa motar lantarki, duk inda na tsaya sai an tambaye ni, "Malam, da gaske ta fi araha?" Amsata e ce, amma ba ga kowa ba, kuma ribar da asarar ba a inda mutane suka fi zato suke ba. Motoci biyu ne a hannuna: mai shan fetur wadda na daɗe ina ja, da ta lantarki matsakaiciya wadda na saya hannu na biyu. Girmansu kusan ɗaya, hanyoyin da suke bi ɗaya, mai tuƙin ma ɗaya. Duk abin da na kashe wa kowacce ina rubutawa a littafi, kuma daga littafin nan nake magana.

Ta feturin tana shan wajen lita 7 a kilomita 100, idan an haɗa zirga-zirgar cikin gari da tafiyar babbar hanya. Ta lantarkin kuwa allonta yana nuna mini yunit 17 zuwa 18 a wannan nisan, yunit ɗin nan dai da mitar gida take ƙirgawa. Sai dai kada ka yi lissafi da lambar allo. Wutar da ta fito daga bango ba duka take isa batir ba, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 yana salwanta, ya zama zafi a waya da na'urar caji. Abin da mita take ƙirga mini ya kusa yunit 20. Ke nan lita 7 a nan, yunit 20 a can, kowace lita ɗaya tana daidai da kusan yunit uku. Wannan ma'aunin nake ba duk wanda ya tambaye ni, domin yana aiki a kowace ƙasa da kowane irin kuɗi: ka duba nawa ake sayar maka da yunit uku, nawa ake sayar da lita ɗaya. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarka. A wurina, muddin a gida na yi caji, abin da nake biya bai kai rabin kuɗin mai ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai wajen yunit 9, wato lita 7 ta haura yunit 60. Amma inji ƙona mai yake yi, yawancin ƙarfin kuma yana ficewa ta salansa da lagireto a matsayin zafi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce abin da yake isa taya a motar fetur kashi 12 zuwa 30 ne cikin 100, alhali a ta lantarki ya wuce kashi 77. Akwai kuma abin da ya ba ni mamaki da farko: motocin biyu a juye suke. Ta fetur a cunkoson gari take zuƙar mai, ana tsaye inji yana ta aiki a banza, ta samu sauƙi idan aka hau doguwar hanya. Ta lantarki a cunkoso ta fi tattali, don idan ta tsaya kusan ba ta cin komai sai na'urar sanyaya mota, kuma duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur, tana mayar da wani ɓangare na gudun zuwa cikin batir. Amma ka hau babbar hanya ka danna 120, ka ga yadda cajin yake zubewa. Sanyi mai tsanani ma yana rage mata nisan zango sosai.

Duk wannan ribar a wuri ɗaya take zaune: soket ɗin da ke kusa da inda motar take kwana. Ranar da na yi doguwar tafiya na dogara da tashoshin caji mai sauri, na ga wani lissafi daban. Suna da daɗi, cikin kusan rabin awa batir ya tashi daga kashi 10 zuwa 80, amma yunit ɗinsu yana ninka na gida sau biyu, wani wurin har uku. Da na auna da ma'aunin nan na yunit uku, sai na tarar kusan kunnen doki aka yi da fetur. A wasu ƙasashen har haraji yana ƙara tazarar. A Birtaniya wutar gida harajinta kashi 5 ne, ta tashar caji kuma kashi 20, don haka mai gareji a gidansa yana biyan ƙasa da wanda yake haya a saman bene ba shi da inda zai ja waya. Wannan abin yana damuna ƙwarai, domin wanda ya fi bukatar sauƙin shi ne aka fi tsawwala wa. Wanda kuma wutarsa ba ta tsayawa har yake tunanin caji da ƙaramin janareta, ya haƙura: irin wannan janareta da ƙyar yake ba da yunit biyu a lita, wato zai ƙona wajen lita 10 don tafiyar da motar fetur take yi da 7. Mai sola da rana a kan rufinsa, shi labarinsa daban ne.

Shi ma cajin gidan ba kyauta ake shiga ba. Da farko da soket na yau da kullum na fara, mai ba da kilowat biyu da 'yan kai, wanda kafin ya cika batir mai yunit 60 sai ya kwana ya wuni. Wata safiya na taɓa kan fulogin na ji ɗumi, robar gefensa ta fara sauya launi. Na kira mai gyaran wuta, ya buɗe ya duba, ya ce, "Yallaɓai, wannan wayar ba a sa ta don ta kwana tana jan wuta haka ba. Ka bari a ja mata layinta daban." Aka ja sabon layi daga akwatin mita, aka kafa na'urar bango mai kilowat 7, wadda take cika motar a dare ɗaya. Kuɗin aikin ya cinye ribar watanni masu yawa, kuma dole a sa shi a lissafi.

Ta fannin sabis kam, ta lantarki ta yi zarra. Babu juyen baƙin mai, babu fulogin inji, babu matatar mai, babu bel ɗin inji, babu kuloci, babu salansa da za ta fashe. Binciken da ƙungiyar kare masu saye ta Consumer Reports ta fitar a Amurka a 2020 ya nuna masu motar lantarki suna kashe wajen rabin abin da masu ta fetur suke kashewa a gyara da kula, kuma littafina bai saɓa masa ba. Amma kada a ce ba ta cin komai. Tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, idan ya mutu ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. Shakazoba da man birki da matatar iska suna nan. Birki ma da ake yabo yana da nasa hali: takalminsa yana daɗewa don ba a cika taka shi ba, amma rashin takawar yana sa faifan ya yi tsatsa. Bakanike ya haska mini da tocila na ga jan tsatsa ya zagaye bakin faifan baya, ya ce in riƙa taka shi da ɗan ƙarfi lokaci-lokaci. Taya ce ta fi cin kuɗina. Batir yana ƙara wa motar nauyin ɗaruruwan kilo, kuma da ka taɓa totur take fizga, to tayoyin sun riga na ɗaya motar siɗewa.

Inshora ta fi tsada, kuma na gane dalili ranar da wani ya goge ni ta baya. Lotsewa ce ƙarama, wadda a motar fetur mai gyaran bodi zai gama cikin ɗan lokaci. Nan kuwa sai da aka nemo wanda ya iya aiki da wuta mai ƙarfi ya tabbatar batir bai taɓu ba, sannan aka zauna jiran kayan gyara. Motar ta daɗe a ajiye.

Yanzu ga babban kuɗin, wanda ba a ba ka rasit a kansa, shi ya sa mutane suke mantawa da shi: faɗuwar daraja. Ga wanda ya sayi sabuwar mota, bambancin abin da ya biya da abin da dillali zai taya masa bayan 'yan shekaru sau da yawa ya fi duk kuɗin man da ya sha. A shekarun nan motocin lantarki sun fi faɗuwa da sauri. A 2023 Tesla ta yi ta rage farashin sababbin motocinta, nan take darajar waɗanda ke hannun mutane ta bi ta ƙasa. A watan Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar zai sayar da wajen 20,000 daga motocinsa na lantarki, yana kuka da tsadar gyara bayan haɗari. A ƙarƙashin wannan duka akwai farashin batir, wanda a 2010 ya haura dala 1,000 a kan kowane yunit, amma a 2024 ƙididdigar kamfanin binciken makamashi na BloombergNEF ta sa shi a dala 115. Alheri ne ga mai saye gobe, asara ce ga wanda ya saya jiya, don sabuwa mai nisan zango tana fitowa da rahusa ta danne tasa. Abin da ya sa na sayi hannu na biyu ke nan. Mai ita na farko ya ɗauki mafi nauyin faɗuwar, ni na gaji sauƙin caji. Da sabuwa na saya da niyyar sayarwa nan kusa, ina da yaƙinin ribar wutar ba za ta rufe ramin ba.

Tsoron mutuwar batir kuwa ya fi abin da ake gani a zahiri. Kamar na wayar hannu yake, ba ya mutuwa farat ɗaya, a hankali yake rage riƙon caji. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, idan riƙonsa ya sauka ƙasa da kashi 70. Mummunan sunan ya samo asali ne a wani ɓangare daga motocin farko irin su Nissan Leaf ta 2010, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, zafi ya riƙa gajiyar da shi da wuri. Yawancin na yanzu ana sanyaya su da ruwa. Nawa ina tsayar da cajinsa a kashi 80 sai idan tafiya ta kama, ba na barinsa ya kwana a fanko, kuma raguwar da na gani kaɗan ce. Duk da haka, idan garanti ya ƙare batir ya lalace, canza shi kuɗi ne mai karya ƙugu, kuma wannan kasadar ba na raina ta.

Haraji kada a gina lissafi a kansa. Norwe ta kai ga kusan kashi 89 na sababbin motocinta na 2024 lantarki ne saboda rangwamen haraji na shekaru, amma rangwame gwamnati ce take bayarwa, ita ce kuma take janyewa. Birtaniya ta fara karɓar harajin hanya daga motocin lantarki a watan Afrilun 2025.

Ni ta biya ni, domin ina da inda nake caji da dare, ina cin kilomita da yawa a cikin gari, kuma na yi niyyar riƙe ta da daɗewa. Wanda motarsa take wuni a ajiye sai ɗan zuwa nan da can, ba zai tara ribar da za ta mayar masa da tsadar saye ba, gara ya lallaɓa ta feturinsa. Wanda kuma zai sayi hannu na biyu, kafin a yi maganar kuɗi ya sa a jona na'ura a nuna masa kashi nawa ya rage na lafiyar batir, ya duba shekara nawa ta rage a garanti, ya kuma tambayi irin batirin. Idan LFP ne, wato batirin da aka haɗa da lithium da ƙarfe da fosfet, irin wanda kamfanin BYD na China da wasu samfuran Tesla suke sawa, ya fi jure yawan caji kuma ana iya cika shi har kashi 100, sai dai a sanyi ya fi rauni.