GreenSeeker ta hannu: tana nuna wurin matsala a gona, ba ta faɗin sunan matsalar

Wannan na'ura ta auna lafiyar shuka, wadda kamfanin Trimble ya fito da ita, girmanta bai wuce na babbar tocila ba. Tana haska wa shuka haske iri biyu, ja da kuma wani da ido ba ya gani mai suna infirared, sannan ta auna abin da ganye ya dawo da shi. Lafiyayyen ganye yana shanye jan, ya mayar da infirared da yawa. Wanda ya wahala ba ya iya haka. Daga nan take fitar da lamba tsakanin 0.00 da 0.99, wadda ake kira NDVI. Ƙasa tsurarta tana ba da wajen 0.1 zuwa 0.2, alkama mai ƙoshi da ta rufe ƙasa kuwa tana haura 0.7.

Aiki da ita ba wuya. A riƙe ta santimita 60 zuwa 120 a saman ganye, a danne kunamar, a bi kunya ana tafiya a natse, idan an saki sai ta nuna matsakaicin awon. Da yake haskenta take amfani da shi, gajimare da hazo ba sa hana ta aiki. Nan ta fi hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda kyauta ne amma hadarin Agusta yakan rufe su, kuma kowane ɗigo a hoton fili ne mai faɗin mita 10 a ƙasa.

Inda ta fi ƙarfi shi ne taki, musamman alkama da masarar rani irin na Kadawa da kwarin Haɗeja. A ware zirin kunya biyu ko uku a ƙosar da su da yuriya tun farko. Kafin zuba taki na biyu sai a auna zirin, a auna sauran gonar. Idan lambobin sun yi kusa, ba a bukatar ƙari mai yawa. Idan tazara ta yi faɗi, gonar tana jin yunwa.

Batun ƙishirwa kuwa tana makara. Shukar da ruwa ya yanke wa takan fara rufe ƙofofin numfashin ganyenta ne, ganyen ya ɗumama, alhali har yanzu kore ne shar. Kafin lambar ta faɗo, masara ta riga ta fara naɗe ganye da hantsi. Ma'aunin zafi na infirared mai araha ya fi ta saurin kama wannan.

Haka ma tsutsar masara da ta shigo Najeriya a 2016. Tana ɓuya a zuciyar shuka, farkon cinta ɗan kankare ne a ganye, wanda bai isa ya motsa lamba ba. Dole dai a tsaya wuri 5 a gona, a buɗe shuka 10 a kowane wuri, a nemi kashinta mai kama da garin katako.

Abubuwan da ke ɓata awo: ciyawa tana ɗaga lambar, gonar da ta cika da ita sai ta yi kamar mai lafiya; ruwan da ya kwanta a gonar shinkafa yana sauke ta; gero da aka haɗa da wake ko gyaɗa kuwa ba a san na wa aka auna ba. Idan ganye ya rufe ƙasa gaba ɗaya, lambar takan tsaya wajen 0.8 ta daina bambancewa. Ƙurar hunturu ma a riƙa goge ta daga gilashin.

Ga mai kadada ɗaya kuɗinta ya yi yawa. Ƙungiyar manoma ko malamin gona mai zagaya gonaki da dama ne za su ci moriyarta, in har suna auna gona ɗaya duk mako suna rubutawa.